Allurar da ta kwana a gwangwani

Na yi muku alkawari makon jiya cewa za mu ƙarasa zancen farashin taki, amma sai ku yi mini afuwa, domin na yi wata tafiya da ta juya mini alƙalami. Suna ne ya kai ni ƙasar Birnin Gwari. 'Yar ƙanena ce ta haihu a wani ƙauye da ke bakin daji, kuma tun da aka yi sulhun nan na ƙarshen 2024, har Gwamna Uba Sani ya je da kansa ya buɗe kasuwar kara, ba ni da sauran hujjar da zan fake da ita in yanke zumunci. Na bi ta Buruku da Udawa, hanyar da a shekarun baya ba a shiga sai an jira rakiyar sojoji, kowa bakinsa ɗauke da salati. Wannan karon manyan motocin masara da na gawayi ne suka yi ta ba mu ƙura har muka isa.

Na tarar da mai jego a kwance, ta ɗashe kamar an wanke ta da toka, ko gaisuwa da ƙyar take amsawa. Uwarta ce ta ba ni labari. An haihu lafiya, mabiyiya ta faɗo, sai jini ya ɓalle. Aka kira malamin asibitin da ke ƙauyen, ya yi mata allurar da ake yi don mahaifa ta tsuke, jini bai tsaya ba. Ya ƙara ta biyu, ya ƙara ta uku. Daga ƙarshe aka ɗora ta a babur tsakanin maza biyu, cikin dare, zuwa inda za a sami mota, kuma sai da aka yi mata ƙarin jini leda uku a cikin gari kafin ta gane wanda ke kanta.

Washegarin suna na je na gai da malamin, don in yi masa godiya. Yaro ne matashi, kuma ya cancanci godiyar, domin a shekarun da kowa ya tsere, har da masu albashin da ya ninka nasa, shi ya zauna. Muna cikin hira ya ce mini, "Baba, wallahi abin da aka koya mana shi na yi. Amma yanzu sai ka yi guda uku ba ka ga aikin guda ɗaya ba." Na ce ya nuna mini ragowar. Ya miƙa hannu saman kanta, dab da rufin kwano, ya sauko da wani gwangwanin madara. Ga kwalaben nan a ciki, tsaf, ya naɗe su da auduga don kada su fashe. Gwangwanin da ɗumi na karɓe shi, alhali hantsi bai gama dubi ludayi ba. A jikin kowace kwalba an rubuta da ƙananan haruffa cewa a ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, wato cikin firji.

Zubar jini bayan haihuwa tana da dalilai da dama, saboda haka ba zan ɗora wa gwangwani laifin duka ba. Amma tun daga ranar nake tunanin irin yardar da muka ba allura, da irin ƙarancin abin da muka sani game da ita.

Mutanenmu sun ɗauki allura uwar magani. Wanda ya je asibiti aka sallame shi da ƙwayoyi, gani yake an raina ciwonsa. Na sha jin tsoho yana cewa likita, "Ni dai a yi mini allura in huta." Akwai gaskiya a ciki, domin allura ta fi saurin aiki, kuma marar lafiyar da ya suma ko yake ta amai ba shi da wata hanyar. Sai dai saurin nan shi ne haɗarin. Abin da aka haɗiya yana ratsa masu gadi iri-iri: ruwan ciki mai tsami yana kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, hanji yana zaɓar abin da zai bari ya wuce, hanta tana tacewa, in abin ya yi muni a amayar. Allura kuwa ta haura katanga ce. Abin da ke cikin kwalba, mai kyau da marar kyau, cikin tsoka ko jijiya zai faɗa kai tsaye, kuma babu mai iya kiran sa ya dawo.

Shi ya sa a fagen haɗa magunguna babu abin da aka tsananta wa sharuɗɗa kamar allura da ruwan da ake ƙara wa marar lafiya. Mu fara da ruwan kansa, tunda shi ne mafi yawan abin da ke cikin kwalbar. Ruwan sha, komai kyansa, bai isa ba. Ko wanda aka tafasa bai isa ba, kuma dalilin haka ya daɗe yana ba likitoci mamaki. A farkon ƙarni na 20 an lura cewa marasa lafiya sukan kama zazzaɓi da rawar ɗari bayan an yi musu allura a jijiya, alhali an dafa ruwan, babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsa. Wata masaniya Ba'amurkiya, Florence Seibert, ita ce ta warware wannan a 1923. Ta nuna cewa wasu ƙwayoyin cuta, ko sun mutu, suna barin wani dafi daga fatar jikinsu, kuma tafasa ba ta karya shi. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba. Don haka ruwan allura sai an turara shi an tattara tururin ta hanya ta musamman, ko an bi da shi ta matatai masu tsanani, sannan a gwada shi. Da can zomaye ake yi wa allurar a auna zafin jikinsu. Daga baya aka gano cewa jinin wata halittar teku mai kama da ƙaguwa, wanda shuɗi ne, yana daskarewa da zarar ya haɗu da wannan dafi, kuma tun daga shekarun 1970 da shi ake yawan gwajin. Su kansu kwalaben gilashin sai an gasa su a zafin digiri 250 na kimanin rabin awa kafin a zuba musu komai.

Bayan an cika an rufe, maganin da ke jure zafi ana saka shi a wata babbar tukunyar tururi, a kai shi digiri 121 na aƙalla minti 15. Wanda zafi ke lalatawa kuwa sai a tace shi ta wata rariya da kaurin silin gashi ya ninka ƙofofinta kusan sau 300, a ɗura shi a ɗakin da ake tace iskarsa, inda ma'aikaci ke shiga a rufe ruf, ba a ganin ko fatar goshinsa, domin ɗan Adam shi ne babban mai kawo datti a irin wannan ɗaki. Sannan a ɗebi samfuri daga kowane rukuni a saka a abincin da ƙwayoyin cuta ke so, a jira kwana 14 a ga ko wani abu zai tsiro. Kowace kwalba ana ɗaga ta a gaban haske, a duba ta a kan farin bango da baƙi, ko akwai ɓurɓushin gilashi ko zare. Har gishirin ruwan a lissafe yake: ledar ƙarin ruwan da muka saba gani tana ɗauke da giram 9 na gishiri a kowace lita, don ta yi daidai da jini. In aka ɗura wa mutum zallan ruwa mai yawa a jijiya, ƙwayoyin jininsa kumbura za su yi su fashe.

Kada mai karatu ya zaci waɗannan ƙa'idoji iyayi ne na Turawa. Kusan kowace ɗaya da gawa aka saye ta. A 1972, a wani asibiti da ke Devonport a Ingila, marasa lafiya biyar sun mutu bayan an ƙara musu ruwan sukari, bincike kuma ya nuna cewa iska ce ta maƙale a tukunyar tururin kamfanin, kwalaben da ke ƙasa ba su sami zafin da ya kamata ba. A 2012, a Amurka, wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ya rarraba allurar ciwon baya da ta gurɓata da fumfuna. Sama da mutum 750 suka kamu a jihohi 20, fiye da 60 suka mutu, shugaban kamfanin ya tafi kurkuku. Idan haka ta faru a inda wuta ba ta ɗaukewa, sai mu dubi kanmu.

Namu tarihin ma bai rasa irin wannan ba. A 1995, lokacin annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, an yi wa mutum sama da 50,000 rigakafi da allurar da ta zo a matsayin gudummawa daga Nijeriya, daga baya aka gano jabu ce, babu maganin a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha ambata cewa kimanin mutum 2,500 suka rasu a dalilin haka. Mutanen sun yi layi cikin rana, sun miƙa damtse, sun koma gida suna ganin sun tsira. A 2003 kuma, a Inugu, yara sun mutu bayan tiyatar zuciya, aka gano cewa allurar da ake farfaɗo da zuciya da ita ba ta da ƙarfin da aka rubuta a jikinta. Marigayiya Dora Akunyili, wadda ke shugabantar hukumar NAFDAC a lokacin, ta san zafin abin tun kafin nan, domin ƙanwarta ta rasu a 1988 sakamakon jabun allurar ciwon sukari.

To amma abin da na gani a gwangwani wata matsala ce daban, kuma a ganina ta fi jabu wuyar kamawa, saboda babu ɓarawo a cikinta. Mai yiwuwa ne kamfani ya cika duk sharuɗɗan da na zayyana, lambar rajista ta gaskiya ce, kwanan watan lalacewa bai zo ba, amma maganin ya mutu a hanya. Sinadarin oksitosin, wanda mata ke kira allurar naƙuda, zafi yana cin sa a hankali, kuma ba ya sauya launi balle a gane. Mu bi sawun kwalba ɗaya. Ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, ta yi kwanaki a cikin kwantena. Ta shiga Idumota ko kasuwar magani ta Onica. Ta hau bayan tirela zuwa Kano ko Kaduna. Wani ɗan sari ya saye ta, ya saka a but ɗin mota zuwa Funtuwa ko Birnin Gwari, daga nan ta hau babur ta shiga daji, ta ƙare a kan kanta ƙarƙashin kwano a watan Afrilu. A ina cikin wannan tafiya ta ga digiri 8? Wani bincike da aka yi tare da NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya auna samfuran wannan allura daga sassan ƙasar nan, ya tarar kashi 74 cikin 100 sun faɗi gwajin ƙarfi. Wato uku cikin huɗu. Maganar malamin nan ta "guda uku ba aikin guda ɗaya" ba ƙorafin rago ba ce. A watan Fabrairun 2025, da hukumar ta rufe kasuwannin magani na Idumota da Onica da Aba, cikin abin da ta ce ta tarar har da magungunan firji a jibge cikin ɗakuna masu zafi.

A ƙasar Birnin Gwari an ƙara wa wannan wani nauyin. Fiye da shekara goma dajin da ya haɗa Kamuku da Kuyambana ya zama mazaunin 'yan bindiga. Ƙauyuka sun tashi, ƙananan asibitoci da yawa sun zama kango, ma'aikata sun nemi canjin wurin aiki, kuma ba na zargin kowa a kan haka. A ƙarshen 2021 har layukan waya aka rufe, aka hana hawa babur, aka dakatar da kasuwannin mako. Amma zazzaɓi bai tafi hutu ba, mata ba su daina haihuwa ba. Wanda ya cike gurbin shi ne mai kemis. A doka, lasisin da hukumar kula da harhaɗa magunguna ke ba shi bai ba shi damar yin allura ba, ballantana ƙarin ruwa. A aikace kuwa shi ne likita, shi ne nas, bencin da ke bayan shagonsa shi ne gadon kwanciya, ƙusar da ke jikin bango ita ce maratayar leda. Wanda zai ce a rufe su duka gobe da safe, to ya fara gaya mana inda mutumin Randagi ko Kakangi ko Damari zai kai ɗansa da tsakar dare.

Sai dai uzuri ba ya mai da ruwan leda ruwan allura. A nan ne hannun ƙarshe yake iya rushe duk wahalar da aka sha a kamfani cikin daƙiƙa guda. Na taɓa gani da idona, a wani shago da ba zan ambata ba, an rasa ɗan ruwan da ke zuwa tare da garin allura, yaron shago ya huda fiya wata ya zuƙa. Na ga ledar ƙarin ruwa guda an rataye ta tun safe, ana ta soka mata allura ana ɗiban ruwan dama magani har magariba, kowace suka ƙofa ce. Allurar atesunet, wadda ita ce kan gaba wajen ceton yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani, da zarar an dama ta sai a yi amfani da ita cikin awa ɗaya ko a zubar, amma talauci yakan sa a ajiye ragowar don yaro na gaba. Rigakafin ƙyanda ma awa shida ne iyakarsa bayan an dama. Batun maimaita sirinji kuwa, Masar ta isa misali: daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi wa miliyoyin mutane allurar tsargiya da sirinjin gilashi da ba a dafa su yadda ya kamata ba, ƙasar ta wayi gari tana cikin mafi yawan masu ciwon hanta nau'in C a duniya. Ga kuma tsofaffin allurai da aka haramta amma ba su bar kanta ba. NAFDAC ta hana analjin tun 2005, ta hana jentamaisin mai ƙarfin 280 a 2010 saboda yana kurumtarwa yana kuma taɓa ƙoda, amma har yau akwai wanda zai shiga kemis ya ambace su da suna, ya ce su yake so.

Sakamakon duk wannan muna ganin sa, sunansa kawai muke sauyawa. Ƙurjin da ya fito a mazaunai bayan allura, ya tara mugunya har sai an tsaga, mu ce allura ce ta "kwanta". Rawar ɗarin da ta kama mutum ana tsakiyar ƙarin ruwa, mu ce ruwan ne "bai karɓe shi ba". Yaron da aka soka a inda bai dace ba aka taɓa babbar jijiyar ƙafa, ya tashi yana jan ƙafa, mu ce shan inna. Ba wanda ke ajiye kwalbar, ba wanda ke rubuta lambar rukunin, saboda haka ba wanda zai taɓa sanin ko kwali guda ne ya yi wa ƙauyuka biyar ɓarna.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin matsalar gwangwani ba ya buƙatar wata sabuwar fasaha. Yawancin asibitocin mazaɓu da ke aiki suna da firjin rigakafi mai amfani da hasken rana. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa ana iya ajiye allurar naƙuda a cikin wannan firji, muddin an ware ta an yi mata alama. Duk da haka, sau da yawa mai riƙe da makullin firjin yana jin tsoron mai duba aiki ya zo ya tarar da abin da ba rigakafi ba. Takarda guda daga hukumar lafiya a matakin farko ta jihar, wadda za ta isa hannun kowane mai makulli, ta isa ta kashe wannan tsoro. Sannan akwai wata allurar mai suna kabetosin, nau'in da ke jure zafi, wadda aka gwada a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma har da Nijeriya, aka wallafa sakamakon a 2018, kuma tana iya zama a digiri 30 na tsawon shekaru ba ta lalace ba. Akwai ƙwayar misoforostol da ba ta buƙatar firji ko sirinji. A Kano, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya nuna cewa auna jinin da mace ta zubar da wata leda mai ma'auni, tare da haɗa matakan ceto a lokaci guda, yana rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Ilimin a gidanmu yake. Jihar Kaduna ma ta fara aika magani da jirage marasa matuƙi daga Pambeguwa a 2022, sai dai Pambeguwa tana gabas, mu kuwa muna can ƙuryar yamma. Idan akwai ƙaramar hukumar da ta fi cancantar a fara kai wa irin waɗannan abubuwa, ita ce wadda ta yi shekara goma hanyarta a toshe. Yanzu da ake maganar sake gina asibitocin da aka ƙona, ina roƙon masu kasafi su tuna cewa fenti da allon suna ba sa tsai da jini.

Mai karatu kuma yana da nasa rabon, tunda shi ne mai jikin. Babu rashin kunya a ce a ɓare sirinji a gabanka. Ɗaga ledar ruwa ka duba ta a haske kafin a rataya: in ta yi gauraye, ko kana ganin wani abu yana yawo, ko tana tsatsafo in an matsa, a canja. Dubi lambar NAFDAC da kwanan wata. In maganin na firji ne, ka ga an ɗauko shi daga firji, ka taɓa ka ji sanyi. In aka ce maka ƙwaya za ta wadatar, kada ka matsa sai allura. In kuma wani abu ya biyo baya, a adana kwalbar da kwalinta, a kai wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma.

Kafin in taso na koma wurin malamin. Na tarar ya sauko da gwangwanin daga kanta, ya binne shi a cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Na gaya masa gaskiya cewa hakan ya fi saman kanta, amma randa ba ta kai digiri 8, kuma waɗanda suka riga suka sha zafi sanyi ba zai dawo da su ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Baba, in zubar? Akwai mata biyu a unguwar nan da watansu ya tsaya." Asibitin da ke da firji mafi kusa da shi tafiyar fiye da awa ɗaya ce a babur, in rafi bai kawo ba. Muka yi da shi cewa zai je ya roƙi mai makullin ya ajiye masa sababbi, ya riƙa ɗauko biyu-biyu a cikin ɗan akwatin ƙanƙara irin na masu rigakafi. Na bar masa kuɗin kwali ɗaya da na mai. Shekaranjiya ya kira ni ya ce ɗaya daga cikin matan ta sauka lafiya, ɗayar kuma ana jira, mai makullin kuwa ya ce sai ya tambayi na gaba da shi.